Idan Za A Auna Bakin Malami, A Tambayi Kunnen Ɗalibi, Amma Fa Da Sharaɗi



Yau jami'o'in Amurka nake so mu leƙa, inda ake wata muhawara da ta haura shekara 40 ba ta mutu ba. A kan wata jarrabawar magana ce da ake yi wa baƙin ɗalibai kafin a bar su su koyar. Tambayar ita ce: yaran da za a koya wa karatun, suna da hurumin sa baki wajen tsara wannan jarrabawa ko ba su da shi? Ni a wurina suna da shi. Sai dai akwai inda nake ganin dole a taka musu burki, kuma zan faɗi wurin.

Bari mu fara da sanin wanda ake jarrabawa. A manyan jami'o'in Amurka, farfesa kan tsaya gaban ɗaruruwan ɗalibai ya yi lacca ya tafi. Daga nan sai a rarraba ɗaliban ƙananan ajujuwa, mutum ashirin ko talatin, domin bita da aikin ɗakin gwaje-gwaje. Wanda ke riƙe waɗannan ƙananan ajujuwa shi ne mataimakin malami, kuma shi ma ɗalibi ne, yana karatun digiri na biyu ko na uku. Shi ke warware lissafin da ya gagari yara, shi ke duba aikin gida, shi ke zama a ofis a sa'o'in da aka ware domin wanda bai gane ba ya je ya same shi. Ladansa kuwa, jami'a ta yafe masa kuɗin makaranta ta kuma riƙa ba shi alawus. A fannonin kimiyya da lissafi da injiniyanci, da yawa daga cikin waɗannan mataimaka baƙi ne daga Sin da Indiya da Koriya da sauran ƙasashe, har da Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasar Afirka yawan ɗalibai a Amurka.

A shekarun 1980 ƙorafi ya yi yawa. Ɗalibai suka riƙa cewa ba sa jin abin da mataimakan ke faɗa, iyaye suka ce ba za su biya maƙudan kuɗi a haɗa 'ya'yansu da wanda ba sa gane bakinsa ba, maganar ta kai majalisun jihohi. Jihohi irin su Ohayo da Ilinoi suka yi dokoki a wannan zamanin, Fensilbaniya ta yi tata a 1990, duk dai a kan a tabbatar mai koyarwa yana iya magana da Turanci yadda za a fahimce shi. Jami'o'i da dama suka rungumi wata jarrabawa mai suna SPEAK, ta hukumar ETS, wato masu TOEFL. A lokacin da ake yayinta, ana zaunar da mutum gaban na'urar ɗaukar murya kamar minti ashirin. A nuna masa taswirar wani gari a ce ya kwatanta hanya, a nuna masa jerin hotuna a ce ya ba da labari, a ba shi zanen ƙididdiga ya yi bayani. Maki daga 20 ne zuwa 60, kuma a lokacin, a wurare da yawa sai mutum ya kai 50 kafin a ba shi aji.

To ku dubi abin da ke rataye da wannan maki. Idan aka tsananta fiye da kima, an hana yaro ko yarinya da suka baro ƙasarsu aikin da shi ne ke biya musu karatu da haya. Idan aka sassauta fiye da kima, an jefa ɗalibai talatin cikin zangon karatu guda na rashin fahimta, a darasin da wataƙila shi ne zai raba su da burinsu na zama likita ko injiniya. Kowane ɓangare aka karkata, akwai wanda zai ji a jikinsa.

Matsalar irin wannan jarrabawa a fili take: na'ura ba ta ɗaga hannu. Ba ta yamutsa fuska don ba ta gane ba, ba ta katse ka a tsakiyar jimla ta ce ka maimaita, ba ta yi maka tambaya cikin sauri tana haɗiye rabin kalmomin kamar yadda ɗan shekara sha takwas ke yi. Mutum zai iya kwatanta hanyar gidan waya a taswira tsaf, ya shiga aji wata yarinya ta jefo masa tambaya daga bayan aji ya tsaya yana kallonta. Wani kuma zai ruɗe gaban na'ura saboda ba ya ganin fuskar kowa, alhali idan ka ba shi allo da alli da mutane masu rai, sai ka rantse shekara goma ya yi yana koyarwa. Koyarwa hira ce tsakanin mutane, ita kuwa jarrabawar ɓangare ɗaya na hirar kawai take aunawa.

A nan ne nake ganin wurin ɗalibai na farko, kuma shi ne mafi muhimmanci: su ne suka san inda ake ɓata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masanin harshe yana da ilimin da ɗalibi ba shi da shi, wannan ba gardama, amma kunnensa ya saba da lafazi iri-iri har ba ya jin wahalar da ɗan aji ɗaya ke ji, kuma rabonsa da zama a benci yana fargabar faɗuwa an daɗe. Ka tara ɗalibai ka tambaye su, a wane lokaci ne kuka fi rasa gane mataimakin malaminku? Ina kyautata zaton kaɗan ne za su ce a lokacin da yake karanta abin da ya shirya daga gida. Za su ce maka lokacin da aka yi masa tambaya ya amsa wata daban saboda bai ji ta farko ba. Ko lokacin da ya juya wa aji baya yana magana da allo. Ko lokacin da aka ce ba a gane ba, sai ya maimaita jimlar nan tasa kalma da kalma, ya ƙara ɗaga murya, maimakon ya sake wata hanya. Ko lokacin da ya sanar da canjin ranar gwaji, rabin aji suka ji wata rana, rabi suka ji wata. Kowanne daga cikin waɗannan tambayar jarrabawa ce a shirye. Sai a tsara aiki a ce wa mai neman koyarwa: ga ɗalibi ya ce bai gane ba, yi masa bayani ta hanya ta biyu. Ga ɗaliba ta zo ofis ranta a ɓace kan makin da ka ba ta, yi mata bayani. Ga tambaya an yi ta a hagunce, gano abin da ake nufi kafin ka amsa.

Akwai ma abin da ya fi maki. A ɗakin gwaje-gwajen sinadarai, idan mataimaki ya ce a zuba sha biyar aka ji hamsin (kun san yadda kalmomin nan biyu suke kusa a Turanci, bambancinsu bai wuce ƙarshen kalma da inda ake danna murya ba), to maganar ta tashi daga ta nahawu ta koma ta lafiyar mutane. Ɗalibin da ya taɓa tsayawa da kwalba a hannu yana shakkar abin da ya ji ba zai manta ya sa wannan a jarrabawa ba.

Wasu jami'o'in sun kama wannan hanya. A Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, jarrabawar tasu ba gaban na'ura ake yi ba. Mai neman koyarwa yana tsayawa ya yi bayanin tsarin darasi, sannan ya gabatar da ɗan gajeren karatu a fanninsa, ga ɗaliban digirin farko da aka horar suna zaune a matsayin 'yan aji suna yi masa tambayoyi. Masu ba da maki kuwa daban ne, ƙwararru ne da aka horar don wannan aiki. Ku riƙe wannan rabon aikin, za mu dawo kansa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa.

A 1992 wani malami a Jami'ar Jojiya, Donald Rubin, ya wallafa sakamakon wani bincike da har yau ake ambatonsa duk lokacin da wannan magana ta taso. Ya tara ɗaliban digirin farko 62 ya kunna musu ɗan gajeren karatu na 'yan mintuna. Muryar ta wata Ba'amurkiya ce 'yar jihar Ohayo, wadda da Turanci ta buɗi baki. Wasu ɗaliban aka nuna musu hoton Baturiya aka ce ita ke magana, wasu aka nuna musu hoton wata 'yar Asiya. Murya ɗaya duk suka ji. Waɗanda suka ga hoton 'yar Asiya suka fi cewa sun ji baƙon lafazi, lafazin da babu shi a kaset ɗin. Abin da ya fi ɗaure kai, da aka ba su rubutun karatun an cire wasu kalmomi aka ce su cike gurbi, sai suka gaza 'yan uwansu. Wato ba ƙarya suke yi ba da suka ce sun ji wahala. Da gaske fahimtarsu ta ragu. Ido ne ya riga kunne yanke hukunci, kunne kuma ya bi.

Ku tsaya ku yi tunanin wannan da kyau, don ya rushe wani abu da muke ɗauka tabbas ne. Mukan ɗauka idan magana ba ta jiyu ba, laifin mai magana ne. Ashe mai sauraro ma yana da nasa kason. Yana iya zuwa da kunne a buɗe, yana iya zuwa ya riga ya toshe shi tun daga ganin sunan malami a jadawali. Idan haka ne, yaya za ka ɗauki alƙalamin ci da faɗuwa ka miƙa wa wannan kunnen?

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Sau nawa Bakano ke jin Basakkwace ya buɗe baki ya fara dariya tun kafin a kai ƙarshen jimla, ya ce shi fa ba ya jin wannan Hausar? Ka kai shi kasuwar Sakkwato da kayan sayarwa, kafin mako ya zagayo ba kalmar da za ta wuce shi, har ciniki zai riƙa yi da karin harshen. Haka wanda ya fara jin Hausar zangon Kumasi. Harshen mutanen bai canja ba a cikin makon nan, buƙata ce ta buɗe masa kunne.

Masana ma sun raba abubuwan nan. A 1995 Murray Munro da Tracey Derwing, masu bincike a Kanada, sun sa Turawa sun saurari 'yan Sin suna Turanci, suka ce su rubuta abin da suka ji kalma da kalma, sannan su faɗi yadda suka ji nauyin lafazin. Aka samu maganganu da dama da masu sauraro suka ce lafazinsu ya yi nauyi ƙwarai, amma kuma sun rubuta su daidai ba kuskure. Nauyin lafazi daban, jiyuwar magana daban. Ɗalibin da ba a horar ba yakan haɗe su wuri guda. Da ya ji baƙon sauti sai ya rage maki, ko da kuwa ya gane komai.

Ban da wannan, akwai son zuciya na yau da kullum wanda ba sai an yi bincike ba. Ɗalibin da lissafi ya kayar, ya fi masa sauƙi ya ce bakin malami ne bai ji ba a kan ya ce shi ne bai yi bita ba. Laifi tudu ne. Mu da muka yi poli mun san yadda ake yabon malami mai sakin maki, a tsani mai tsanani ko da ya fi kowa iya bayani.

Saboda haka ga inda na tsaya. A sa ɗalibai wajen zaɓen abin da za a jarraba. A sa su su zauna a matsayin 'yan aji su yi tambaya da irin bakinsu da irin saurinsu. A kuma sa su wajen rubuta ma'aunin ba da maki, domin kalmomin ma'auni su zama na abin da ke faruwa a aji. Maimakon a rubuta cewa lafazinsa ya kusa da na ɗan ƙasa, wanda ba shi da amfani ga kowa, sai a rubuta cewa idan bai ji tambaya ba yana neman a maimaita, idan ya amsa yana tabbatar an gamsu, idan ya kawo sabuwar kalma yana rubuta ta a allo. Amma hukuncin ƙarshe, wanda abincin mutum da takardar zamansa ke rataye da shi, ya tsaya a hannun waɗanda aka horar kuma ake bin diddigin makinsu, ta yadda idan wani yana yawan kayar da 'yan wata ƙasa za a gani a tambaye shi dalili. Idan ana so a ji ra'ayin ɗalibai a kan wanda aka jarraba, to kada a tambaye su ko ya burge su. A ce su rubuta abubuwa uku da ya koyar da ranar da ya ce za a yi gwaji. Wannan ana iya duba shi a ga daidai ne ko kuskure, kuma idan mutum takwas sun rubuta daidai biyu sun kauce, an san inda matsalar take.

Wani zai ce, ai binciken Rubin ya nuna har fahimtar ma tana raguwa, to me rubutawar za ta hana? Gaskiya ne, ba za ta hana duka ba. Shi ya sa zaɓen ɗaliban da horar da su ba abin wasa ba ne. Kada a ɗebo 'yan gari ɗaya masu kunne iri ɗaya. Ajin jami'ar Amurka na yau cike yake da 'ya'yan baƙi da ɗalibai daga ƙasashen waje, su ma ɗalibai ne, su ma kunnensu na cikin lissafi. A biya su ladan aikinsu don su ɗauke shi da muhimmanci. Kuma kafin su zauna, a kunna musu irin gwajin nan na hoto su ga yadda idonsu ke yaudararsu.

Akwai wata riba da ba a cika lissafawa ba, ni kuma ita ta fi jan hankalina. A 2015 Okim Kang da Rubin ɗin nan da Stephanie Lindemann sun wallafa wani bincike inda suka haɗa ɗaliban Amurka da baƙin mataimakan malamai a ɗan gajeren zama, suka ba su wata matsala da sai sun haɗa kai za su warware ta. Bayan zaman, ɗaliban suka riƙa ba baƙin mataimaka maki mafi kyau, a wajen jiyuwar magana da wajen iya koyarwa. Ba a gyara bakin kowa ba a wannan zama. To idan ɗan zama kaɗan ya yi haka, ina ga ɗalibin da ya shafe zango guda yana zama da baƙi suna tsara jarrabawa tare? Jami'a ta shafe shekaru tana kashe kuɗi wajen gyara baki, ta bar kunne yadda yake, alhali magana tsakanin su biyun take.

Kada kuma a manta, shi kansa mataimakin ɗalibi ne, kuma shi ne ke zama jarrabawar. Waɗanda suka riga suka ci suka shiga aji sun san abin da jarrabawar ta shirya su a kai da abin da ta bar su suka ci karo da shi ba shiri. Su ma a ba su kujera. Ɗan Najeriya, misali, zai iya gaya wa kwamiti abin da ba su sani ba: cewa shi da Turanci ya yi karatu tun daga firamare, matsalarsa ba ƙarancin kalmomi ba ce, sauri ne da inda yake danna murya. Bahaushe kuma ya san nasa tabon, musanya p da f. Wannan ya cancanci a yi aiki a kansa, domin kalmomin Turanci da yawa da waɗannan sautuka biyu kaɗai suka bambanta, kamar pull da full. Amma sautin nan na th da ake sa harshe tsakanin haƙora, wanda malamanmu suka wahalar da mu a kansa, da wuya rashinsa ya ɓatar da mai sauraro. Jarrabawar da ta ɗauki waɗannan biyun da nauyi ɗaya ba jiyuwa take aunawa ba, kama da Bature take aunawa.

Kafin wani ya ce wannan duk matsalar Turawa ce, mu waiwayo gida kaɗan. Duk wanda ya zauna WAEC a Najeriya ya san takarda ta uku ta Turanci, wadda ake kira jarrabawar furuci. Tambayoyi 60, ka zaɓi A ko B ko C ko D da fensir, a tashi ba ka buɗe baki ba, ba ka kuma saurari kowa ba. Da wannan sakamakon mutum zai shiga jami'a, ya fito da digiri mai kyau, a riƙe shi a matsayin ƙaramin malami, a duba takardunsa, a yi masa 'yar ganawa, sai ga shi gaban ɗaruruwan 'yan aji ɗaya a ɗakin da lasifika ke aiki yau gobe ta ƙi. A cikin ajin akwai wanda ya fito daga makarantar kuɗi, akwai wanda bai taɓa jin an yi awa guda ana Turanci zalla ba sai ranar. Ban ce mu kwafo dokokin Amurka ba, yanayinmu daban ne, kuma mu kusan dukkanmu, malami da ɗalibi, Turanci aro muka yi. Amma ba sai an kafa doka ba kafin shugaban sashe ya ce wa sabon malami ya yi karatun minti goma gaban ɗalibai shida, biyu daga cikinsu a kujerar can baya, su yi masa tambayoyi, sannan kowa ya rubuta abin da ya ɗauka a takarda ba tare da sa suna ba. Sai shugaban sashen ya zauna da sabon malamin su karanta takardun tare, tun kafin a ba shi aji.

Filin sharhi a buɗe yake, musamman ga waɗanda suka taɓa koyarwa ko suke karatu a waje. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.